Su Lowman Pauling suna bin duniyar kiɗa bashi, ko an riga an biya su?

Garba Mai Faifai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ina so mu tattauna a kan wata ƙungiyar mawaƙan Amurka, The "5" Royales. Ni dai a ganina an tauye musu haƙƙi, kuma har gobe ba a ajiye su a gurbin da ya dace da su a tarihin kiɗan baƙaƙen Amurka na R&B ba.

Ga wanda bai san su ba, 'yan Winston-Salem ne a jihar North Carolina, garin nan na kamfanonin taba. Da waƙoƙin coci suka fara a shekarun 1940, suna amsa sunan Royal Sons Quintet. A farkon shekarun 1950 kamfanin faifai na Apollo da ke New York, wanda ke fitar da waƙoƙin Mahalia Jackson a lokacin, ya ɗauke su. Nan suka sauya suna, suka shiga waƙoƙin duniya. A cikin 1953 kaɗai waƙoƙinsu biyu, "Baby Don't Do It" da "Help Me Somebody", suka zo na ɗaya a jerin R&B na mujallar Billboard. A 1954 suka koma kamfanin King da ke Cincinnati.

Ƙashin bayan ƙungiyar shi ne Lowman Pauling. Shi ke tsara waƙa, shi ke kaɗa jita. Shi ya rubuta "Think" ta 1957, wadda James Brown ya ɗauka a 1960. Shi ya rubuta "Tell the Truth" da Ray Charles ya rera. Shi ya rubuta "Dedicated to the One I Love", wadda 'yan matan The Shirelles suka kai ta ta uku a Amurka a 1961, The Mamas & the Papas kuma suka kai ta ta biyu a 1967. Wannan bawan Allah ya mutu ranar 26 ga Disamba 1973 a New York, yana da shekara 47, yana ɗan aikin kula da wani wurin ibada don ya samu na abinci. Waƙoƙinsa sun zaga duniya, sunansa bai bi su ba.

Ina jiran ra'ayinku.

Nasiru Zariya:
Wa alaikumus salam Malam Garba. Akwai abu ɗaya da ba ka faɗa ba, kuma shi ne jigon maganar. A 2015 an shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame da ke Cleveland, a rukunin waɗanda suka share fage. A shekarar da aka shigar da Ringo Starr da Bill Withers ke nan. Wace karramawa ce ta wuce wannan a fagensu? Akwai ƙungiyoyi barkatai na zamaninsu da ko ƙofar wurin ba su leƙa ba.

Garba Mai Faifai:
Ina sane da ita Nasiru. A 1986 aka fara shigar da mutane wannan zaure, sai da aka yi kusan shekara talatin kafin a tuna da su. Ranar da aka kira sunansu babu ko ɗaya daga cikinsu da ke raye. Iyalansu ne suka karɓa. James Brown da Ray Charles, waɗanda suka rera waƙoƙin Pauling, tun a rukunin farko na 1986 suka shiga.

Nasiru Zariya:
Saboda su James Brown ne da Ray Charles mana. Malam, mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya. Waɗancan sun yi shekara da shekaru suna sayar da faifai, sun cika filaye a nahiyoyi daban-daban. Su kuwa "5" Royales ko sau ɗaya ba su shiga goman farko a babban jerin waƙoƙin Amurka ba, wanda ya haɗa kowa da kowa. "Think" ɗin da kake yabo ta tsaya ne can wajen ta sittin da wani abu. Waƙar soyayyar nan kuma, "Dedicated to the One I Love", da Shirelles ba su ɗauka ba, wa zai san da ita yau? Kunnen jama'a ne alƙali, kuma ya yanke hukunci tun tuni.

Sannan ina roƙon kada mu mayar da yadda mutum ya ƙare ya zama hujja. Abin tausayi ne ƙwarai, amma talauci ba shaidar gwaninta ba ne.

Hadiza Kaduna:
Yaya Nasiru, wane kunnen jama'a? A Amurkar 1953 da baƙar fata ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da farar fata a jihohin kudu? Gidajen rediyon da ke da ɗimbin masu sauraro ba sa sa faifan baƙaƙe. Abin da ake yi shi ne, da zarar waƙar baƙi ta fara tashe, sai a samo farar fata ya sake rera ta a tausashe, ita za a yi ta sawa. Haka aka yi wa The Chords a 1954, The Crew-Cuts suka ɗauke "Sh-Boom" suka kai ta ta ɗaya. Haka Pat Boone ya yi da waƙar Fats Domino da ta Little Richard. In an rufe maka ƙofar kasuwa, ba a dawo a ce ba ka yi ciniki ba.

Nasiru Zariya:
Ƙanwata, ban musa wariya ba, wa zai musa? Amma ki duba da kyau. Shirelles ma baƙaƙe ne. The Platters baƙaƙe ne, kuma a tsakiyar shekarun 1950 sun zo na ɗaya a babban jerin. Fats Domino da kika ambata ya sayar da miliyoyin faifai a waɗannan shekarun. Ƙofar da aka rufe wa "5" Royales ita aka rufe wa waɗannan, amma suka shiga. To me ya hana su Pauling? Dole akwai wani dalili bayan launin fata.

Alhaji Isa Fagge:
Nasiru ya yi tambaya mai kyau, kuma tana da amsa. Platters an tsara su ne don kunnen farar fata: murya mai santsi, kiɗa mai laushi, kamfanin Mercury mai ƙarfi a bayansu. Shirelles 'yan mata ne 'yan makaranta daga New Jersey, suna yi wa tsaransu waƙa a daidai lokacin da matasa suka zama su ne masu sayen faifai. Su kuwa "5" Royales magidanta ne daga kudu, muryarsu da kaushi, salonsu na coci ne tsantsa, maganarsu ta manya ce. Sun yi wa kasuwar matasa nauyi. Abin da suke yi a 1953 sai a shekarun 1960 ya samu kasuwa, lokacin da kamfanin Stax na Memphis da kamfanin Atlantic suka cika duniya da kiɗan soul mai salon coci. Kafin nan su sun gaji, ƙungiyar ta watse wajen 1965. Sun yi sammako ne, kasuwa ba ta ci ba sai da suka tashi.

Ni zamanin James Brown na tashi. Faifansa babu inda ba ya shiga a Sabon Gari, kuma da ya zo Legas a 1970 labarin ya game ƙasar nan. Mun san "Think" sarai, tana cikin faifan da ya ɗauka a gidan wasa na Apollo a 1962. A wurinmu waƙar James Brown ce, babu wanda ya taɓa juya faifan ya karanta ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin taken.

Abdul Mai Jita:
Allah ya ƙara lafiya Alhaji. Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, wato jita, don a nan ne nake ganin maganar Malam Garba ta fi ƙarfi.

Duk wanda ke da hali ya nemo "Think" ta asali ta 1957, ya sa abin ji a kunne, ya bar muryar ya bi jitar kaɗai. Mai waƙa zai yi layi ɗaya ya tsaya. A wannan ɗan tsakanin Pauling zai jefo sauti uku ko huɗu masu kaifi, ya ja tsirkiya ta yi ƙara, ya yi tsit. Mai waƙa ya dawo, ya sake tsayawa, jita ta sake amsawa, amma ba da abin da ta faɗa ɗazu ba. Ba ya cika waƙar da kiɗa. Yana jira ne, in gurbi ya samu ya soka, ya janye hannu. Mai koyo yana ganin abu ne mai sauƙi, sai ya zo yi ya ga hannunsa ya ƙi tsayawa. Yin shiru a inda ya kamata shi ne abin da ya fi wuya a jita.

A yawancin ƙungiyoyin murya na wancan lokaci jita tana can baya ne tana riƙe kari, saksofon ke fitowa gaba. Pauling ya fito da ita ta zama murya ta biyu. Sannan a "The Slummer the Slum" ta 1958 za ka ji ya bar jitar tana kuka da amsa-kuwwar lasifika da gangan. Littattafai da yawa suna ba Beatles wannan fasaha saboda "I Feel Fine", alhali ita a 1964 ta fito.

Kuma ba ni kaɗai ke faɗa ba. Steve Cropper, mai jitar Booker T. & the M.G.'s, wanda ya kaɗa wa Otis Redding da Sam & Dave a Stax, ya sha faɗa a fili cewa Pauling ne ya fi tasiri a kansa. Ya gan shi yana wasa a Memphis da jita rataye har wajen gwiwa, ya koma gida ya ƙara wa maɗaurin tasa tsawo. A 2011 ya fitar da kundi guda sukutum na waƙoƙin "5" Royales, ya gayyato su B.B. King da Steve Winwood da Brian May. Shi ne kuma ya gabatar da su a bikin 2015. Duk inda ka ji jitar Stax tana amsa wa mai waƙa a taƙaice, hannun Pauling kake ji.

Nasiru Zariya:
Abdul, wannan na karɓa. In ana maganar Pauling shi kaɗai a matsayin makaɗi, ba ni da ja. Amma ka lura, Pauling kake yabo, ba ƙungiyar ba. Malam Garba ƙungiya ya kawo.

Yohanna Wusasa:
To bari in yi maganar sauran, Malam Nasiru, tunda ni a ƙungiyar mawaƙan coci na girma, kuma kunnena ya saba da jera muryoyi.

Johnny Tanner ne ke jan yawancin waƙoƙin, ƙaninsa Eugene Tanner kuma shi ya ja waƙar soyayyar da ake ta ambata. Akwai Jimmy Moore, akwai Obadiah Carter, akwai Otto Jeffries a farko. Abin da ya bambanta su da irin su The Orioles na Baltimore shi ne, Orioles suna bin sawun The Ink Spots ne, murya a kwance, a hankali, kamar ana rarrashi. Su kuwa waɗannan ba su bar komai a ƙofar coci ba, da kayansu suka fito gaba ɗaya. Mai ja yana kira, sauran suna amsawa da ƙarfi, yana ƙara hawa suna ƙara matsa masa. Ku saurari "Help Me Somebody". Tanner yana roƙo ne da dukkan ƙirjinsa, irin roƙon da ake yi a gaban bagadi, sai dai a nan maganar mace ce. A tsakiya kiɗan ya sauya gudu ya yi zafi, sannan ya komo.

Yanzu ku duba shekaru. Kusan duk wanda zai ba da tarihin soul zai fara ne da "I Got a Woman" ta Ray Charles, wadda aka ɗauka a ƙarshen 1954. Waƙar da nake magana ta riga ta da fiye da shekara, kuma ba a ɓoye take ba, ta zo ta ɗaya. Ban ce Ray Charles bai yi aiki ba. Amma a ce shi ya fara haɗa salon coci da waƙar duniya, wannan bai yi daidai da lissafi ba.

Hajiya Rabi:
Ina ta karantawa ban tanka ba. Malam Yohanna, tambaya gare ka. Kai da ka fito daga coci, ba ka ganin komai a ce an ɗauko salon ibada an kai shi waƙar batsa? Don na nemi waƙoƙinsu jiya da Malam Garba ya kawo maganar, na ci karo da "Laundromat Blues". Da injin wanki aka fake, amma duk babba ya san inda aka dosa. Ni wannan ya rage musu daraja a idona. In za a ɗaga mutane a ce matasa su san su, ya kamata a faɗi wannan ma.

Yohanna Wusasa:
Hajiya, ina ganin komai mana, kuma ba ni kaɗai ba. A can ma masu ibada da yawa ba su ji daɗin wannan haɗi ba. Ray Charles ya sha suka a kai. Sam Cooke da ya bar The Soul Stirrers ya koma waƙar duniya, mutanen coci da dama sun juya masa baya. Shi kansa Johnny Tanner daga baya waƙar coci ya koma. Ni ba zan sa wa 'ya'yana waccan waƙar ba. Amma tambayar da ke gabanmu ita ce wa ya fara wane salo, kuma amsar ba ta canzawa don wasu waƙoƙin ba su yi mana daɗi ba.

Hadiza Kaduna:
Kuma Hajiya irin waɗannan waƙoƙi su ne yayi a R&B na farkon shekarun 1950. The Dominoes sun yi "Sixty Minute Man" a 1951, Hank Ballard ya yi "Work with Me, Annie" a 1954, har gidajen rediyo suka hana sa ta. Duk da haka an shigar da Ballard zauren karramawa tun 1990. Ke nan ba wannan ne ya jinkirta su Pauling ba.

Hajiya Rabi:
Yayi ba ya wanke abu, 'yata. Amma na ji bayaninku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar Alhaji, cewa ba wanda ya juya faifan ya karanta ƙaramin suna. Mu ma haka muke. Kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne a zauren nan zai lissafo makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa? Mai riƙe da makirufo shi duniya ke gani.

Garba Mai Faifai:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma nasu ya fi haka ciwo. Su ba a bayan kowa suke tsaye ba. Su ne a gaba, su ke da waƙar, su ke da muryar, su suka fara kaiwa ga na ɗaya. James Brown ya zo kamfanin King ne a 1956, ya tarar da su a can, kuma ƙungiyarsa ta farko, The Famous Flames, a kan tsarinsu ta ginu. Akwai ma wata ƙungiya daga Detroit mai suna The Royals da ke ƙarƙashin kamfanin, wadda a 1954 ta sauya suna ta koma The Midnighters don kada a riƙa rikita ta da su. Ita ce ƙungiyar Hank Ballard da Hadiza ta ambata. Wato a 1954 su ne manyan da ake kauce wa. Shekara ashirin bayan nan an manta da su.

Laminu Greensboro:
Salamu alaikum. Ni mutumin Damagaram ne, amma ina zaune a Greensboro, inda 'yan Nijar muke da yawa. Winston-Salem maƙwabtanmu ne, tafiyar kamar rabin awa a mota. Akwai titi a garin da aka sa wa sunansu, Five Royales Drive. Ɗan titi ne a cikin unguwa, allon kore ne irin na kowane titi, ba wani bayani a jikinsa. In ba ka san labarin ba, wucewa za ka yi.

A wurin aikina akwai baƙaƙen Amurka da yawa, haifaffun yankin. Matasan cikinsu da na yi wa maganar ba su san sunan ba, amma da na kunna musu waƙar soyayyar nan a waya sai suka gane ta, suka ce ai ta Shirelles ce, iyayensu na sa ta. Wani dattijo ne kaɗai da muke aikin dare tare ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in ƙara sauti. Ya bi ta baiti-baiti har ƙarshe, ya ce a gidansu wannan ce ta gaskiya, sauran duk aro ne.

Jihar North Carolina ta karrama su a 1992, lokacin wasunsu na raye. Don haka ba za a ce ba a yi komai ba. Amma a garinsu ma sunan bai zauna a bakin yara ba.

Sada Katsina:
Ni fa ina ganin kun tattara tausayinku wuri ɗaya. In maganar waɗanda aka manta ce, "5" Royales suna cikin masu sa'a. Sun samu Steve Cropper da ya tsaya musu. Kamfanin Rhino ya tattara waƙoƙinsu a 1994, an sake fitar da babban kundi mai faifai biyar a 2014, shekara na zagayowa aka karrama su.

The Clovers fa? 'Yan Washington, su suka riƙe kamfanin Atlantic a farkon tafiyarsa tare da mawaƙiya Ruth Brown. Sun zo na ɗaya sau biyu a 1951, suka ƙara a 1952, kuma sun fi "5" Royales yawan waƙoƙin da suka yi kasuwa nesa ba kusa ba. Har yanzu ba a shigar da su ba. The Ravens fa, da Jimmy Ricks mai muryar ƙasa, waɗanda suka fara tun 1946? The Dominoes fa, da suka fitar da Clyde McPhatter da Jackie Wilson? An shigar da mutum biyun a 1987, an bar ƙungiyar da ta rene su a waje. In za mu yi kuka, mu fara da wanda ba a ba komai ba.

Garba Mai Faifai:
Sada, duk waɗanda ka lissafa ina tare da kai, musamman Clovers. Amma akwai bambanci ɗaya. Yawancin manyan waƙoƙin Clovers wasu ne suka rubuta musu, har da shi mai kamfanin, Ahmet Ertegun. Su kuwa waɗannan daga cikin gida komai ke fitowa: mai rubutu nasu, mai jita nasu, masu murya nasu. Wannan tsari na ƙungiya mai dogaro da kanta shi ya zama ruwan dare a shekarun 1960, ana ta yaba wa Turawan Ingila a kai. Ga wasu baƙaƙe daga North Carolina suna yin sa shekara goma kafin nan.

Hadiza Kaduna:
Akwai kuma maganar kuɗi da ba mu taɓa ba. In ka duba sunayen marubutan waƙar soyayyar nan, za ka ga Lowman Pauling da Ralph Bass. Bass furodusa ne a kamfanin. A wancan zamani abu ne da aka saba, sunan furodusa ko mai kamfani ya bayyana a gefen na mawaƙi, a raba kuɗin haƙƙin mallaka. Mawaƙan baƙaƙe da yawa sun sa hannu a takardun da ba su amfane su ba. Ruth Brown sai da ta yi shekaru tana fafutuka kafin a sake lissafin haƙƙinta, kuma daga wannan fafutuka aka kafa gidauniyar Rhythm and Blues Foundation a 1988 don tallafa wa tsofaffin mawaƙa. Pauling ya mutu shekara 15 kafin nan. Waƙarsa ta zo ta biyu a Amurka a 1967 yana raye, bayan shekara shida ya mutu yana ƙaramin aiki. Yaya Nasiru ya ce talauci ba shaidar gwaninta ba ne, haka ne. Amma shaida ce ta yadda aka raba abin da gwanintar ta samo.

Nasiru Zariya:
Wannan magana ce ta adalci a ciniki, kuma ina goyon bayanki a kanta ɗari bisa ɗari. Sai dai daban take da maganar matsayi a tarihi. Ku faɗa mini a fili, me kuke so a yi musu yanzu da ba a yi ba? Zaure sun shiga, titi an ba su, kundi an fitar.

Garba Mai Faifai:
Abu biyu. Na farko, duk wanda zai rubuta ko ya koyar da yadda soul ya samo asali, ya fara da su kafin ya zo kan Ray Charles da Sam Cooke da James Brown, ba ya sa su a ƙasan shafi ba. Na biyu, in ana lissafa mutanen shekarun 1950 da suka haɗa rubuta waƙa da kaɗa jita suka sauya alƙiblar kiɗa, a ce Chuck Berry, a ce Bo Diddley, a ce Lowman Pauling. A numfashi ɗaya.

Nasiru Zariya:
Na farkon na yarda da shi, hujjar Malam Yohanna ta shekaru ta gamsar da ni. Na biyun kuwa a'a. Chuck Berry ya bar waƙoƙi fiye da goma da kowane mai koyon jita a duniya ke bi ta kansu. Pauling yana da uku ko huɗu da suka yi nisa, su ma a bakin wasu. Babban makaɗi ne, amma ba a sahun Berry ba.

Abdul Mai Jita:
Ya danganta da jitar da kake nufi, Malam Nasiru. In ta rock ce, Berry ne uba, babu gardama. In ta soul ce, wadda ke zaune a bayan mai waƙa tana amsa masa, to ta wajen Cropper ta biyo, shi kuma ya faɗi inda ya samo ta. Hanyoyi biyu ne daban, kowace da wanda ya share ta.

Alhaji Isa Fagge:
Wani abin da zai ba ku sha'awa, ƙanin Pauling, Clarence, wanda suka fara waƙar coci tare, shi ne Clarence Paul na kamfanin Motown da ke Detroit a lokacin, wanda ya riƙe Stevie Wonder yana yaro ya kuma shirya masa faya-fayansa na farko. Gida ɗaya ya ba da gudummawa ga Memphis ta hannun wa, ya ba Detroit ta hannun ƙane.

Hajiya Rabi:
Wannan ban taɓa ji ba. Malam Garba, ga wanda zai fara saurarensu, ban da irin waccan ta injin wanki, da wacce zai fara?

Garba Mai Faifai:
Ki fara da "Dedicated to the One I Love" tasu ta 1957, Hajiya, sannan ki sa ta Shirelles a bayanta nan take, ki ji abin da aka cire. Jitar Pauling ce ta tafi. Daga nan sai "Help Me Somebody" saboda muryar Tanner, sai "Think".

Sada Katsina:
Ni kuma ranar Asabar in sha Allahu zan buɗe maganar Clovers, don ban yarda cewa rashin rubuta waƙa da kanka yana rage maka matsayi ba. Elvis Presley bai rubuta nasa ba, kuma tun 1986 yana ciki. Malam Garba, ka shirya.

Garba Mai Faifai:
Allah ya kai mu. Zan zo da faya-fayan Atlantic ɗin da nake da su, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.